Daurama a cikin wasan kwamfuta: me ake saye idan an ce "ƙari"?

Yau bayaninmu a kan wani wasan kwamfuta ne da ya taɓo tarihinmu. Sunansa Crusader Kings III, kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar da shi a 2020. Ba wasan harbi ba ne. Mutum yana zama sarki ko sarauniya, ya yi aure, ya ƙulla amana, ya yi yaƙi, in ya mutu ya ci gaba da magajinsa. Cikin waɗanda ake iya zaɓa a shekarar 867 har da Daurama ta Daura, da mijinta Bayajidda.

Kada wani ya nemi Damagaram a ciki. Wasan yana ƙarewa a 1453, masarautarmu kuwa sai wajen 1730 aka kafa ta.

To, mene ne "ƙari"? Wani sashe ne da ake sayarwa daban, a ɗora a kan wasan asali, kamar a gina sabon ɗaki a tsohon gida. Ba ya aiki shi kaɗai, don haka mai aiko wa yaro kyauta daga waje ya lura, kada ya saya masa ƙarin alhali ba shi da wasan asalin. A watan Fabarairu na 2022 aka fitar da ƙarin Royal Court, wato fadar sarki.

Abin da ya fi sauya wasan shi ne dokoki. Fada tana da ma'aunin ƙasaita, kuma ƙasaitar da kuɗi ake riƙe ta: abincin fada, tufafin fadawa, masaukin baƙi, barori. Ka yi rowa, girmanka ya ragu a idon sarakuna. Ka yi almubazzaranci, baitulmali ya bushe, ranar yaƙi ka rasa abin biyan dakaru. Ana kuma zaman fada, masu ƙara su shigo ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya ka yanke hukuncin da zai gamsar da kowa. A nan masu wasan sun yi tunani, don duk wanda ya san yadda gidan sarki ke ciyar da baƙi ya san sarauta dawainiya ce.

Amma akwai wata doka da ta tsaya mana a rai. Lokacin da ƙarin ya fito, sai babban sarki mai tsarin mulki irin na Turai ko na daulolin Musulmi ke samun fada. Daurama kuwa an sa ta cikin masu mulkin "ƙabila", sai jikokinta sun sauya tsari kafin su zauna a kan karaga. Yaron da ya yi wata guda yana wasa zai iya ɗauka haka tarihin yake.

Wajen zane, fadodi iri huɗu aka yi: ta Yammacin Turai, ta yankin Bahar Rum, ta Gabas ta Tsakiya da ta Indiya. Babu soro, babu zanko, babu zanen bango irin na Birni, ballantana dogarai da jajayen riguna kamar na ƙofar fadar da aka gina zamanin Sarki Tanimun.

Sauti kuma, mu ma'aikatan rediyo mun san aikinsa. A wasan, kiɗa na sauyawa in an ɗaura yaƙi, kafin ka karanta komai gabanka ya faɗi. Sai dai yawancin kiɗan na Turai ne. Wanda ya taɓa tsayawa ranar hawan salla ya san kakaki ba na kowa ba ne, sarki kaɗai ake busa wa, kuma daga tambari da algaita ake gane ya fito tun ba a hango lema ba.

Iyayen da yaransu ke wannan wasa, ku tambaye su wace ce Daurama, ku ji abin da za su faɗa, sannan ku ba su labarin rijiyar Kusugu yadda kuka ji shi a gida.