3.4 Taƙaitattun Haruffa a Takardar Magani

Kamar yadda bayani ya gabata, likitocin Nijeriya kan taƙaita umurnin shan magani da haruffa masu asali daga Latinanci. Alal misali, b.d. na nufin sau biyu kullum, t.d.s. kuwa sau uku. A Garu ta Illela wahalar ta ninka, domin majinyaci kan tsallaka Birnin Ƙonni ya komo da takardar Faransanci, inda cp ke nufin ƙwayar magani. A ganin mai wannan bincike, fassara t.d.s. da "safe, rana, dare" ba ta wadatar ba. Majinyaci na iya shanye ukun tsakanin hantsi da isha'i, alhali maganin kashe ƙwayoyin cuta tazarar awa 8 yake buƙata, don kada ƙarfinsa ya ragu cikin jini kafin asuba.