Itatuwan Ƙasar Kazaure Da Haƙƙin Da Ke Bisa Makarantu

Zancenmu na yau a kan itatuwa ne, da makarantun da ke zaune a ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, manyan na boko da namu na allo.

Kowane mai karantarwa ya dubi kayan da ke gabansa. Allon da yaro ke riƙe da shi daga itace aka sassaƙo shi, kuma masassaƙa sun fi yabon aduwa saboda ƙarfinta. Tawada ba ta kama allo sai an haɗa gawayi da ƙaro, ƙaro kuwa hawayen dakwara ne da 'yan'uwanta. Alƙalami gamba ce ko kara. Fatar gafaka da bagaruwa majemi ya jeme ta. Wutar da a ke kewayewa da dare da asuba itace ne da kara waɗanda ƙolawa su ka ɗebo. Har ranar da mutum ya cika, ganyen magarya a ke nema don wankansa. Watau tsangaya tun daga farkonta har ƙarshenta a jingine ta ke da daji, saboda haka in daji ya ƙare, mu ne a sahun farko na masu hasara. Haka majema da dukawa, da mata masu daddawa waɗanda ba su da jari sai kalwar ɗorawa, da masu sayen ƙaro su kai Kano.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi ba. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu, wurin da a ke maganar raya mataccen fili, an lissafa dasa itace cikin abubuwan da ke ba mutum mallakar ƙasa, tare da fid da ruwa da gini da noma. Abin lura, an lissafa sare itatuwa ma a wannan jeri, domin inda kurmi ya rufe ƙasa, wanda ya share shi ya raya ta. Kakanninmu da wannan su ka yi aiki sa'ad da daji ya ke da yawa mutane kaɗan, kuma sun yi daidai. Amma a babin nan dai aka ce kowane gari yana da harimi, shi ne wurin itace da makiyaya da mutum zai fita da safe ya kai, ya komo gida a yininsa, ba wanda ke da ikon mallake shi shi kaɗai. To, a tambayi matan ƙauye yau ina harimin garinsu ya ke. A wurare da yawa ya zama gona, itacen girki kuwa sai a mota a ke kawo shi, a saya da kuɗi.

Tsoron hamada ba sabo ba ne a wannan yanki. A 1935 wani Baturen daji mai suna Stebbing, bayan ya zaga ƙasashen nan, ya yi shela cewa Sahara na tahowa kudu za ta cinye Arewa. Maganar ta tayar da hankali har Ingila da Faransa su ka haɗa kwamiti, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 da 1937. Kwamitin ya komo ya ce bai ga rairayin Sahara na tafiya kamar rundunar yaƙi ba, ɓarnar da ya gani ta hannun mutane ce, ta sara da ƙuna da yawan nome ƙasa ba hutu. Sa'an nan farin 1972 zuwa 1974 ya zo, na 1984 ya biyo baya, dabbobi su ka mutu, itatuwa su ka bushe a tsaye, hukuma ta tashi haiƙan da dasa jerin itatuwa masu tare iska a arewacin tsohuwar Jihar Kano, wadda Kazaure da Babura ke cikinta kafin a yanke Jigawa a 1991.

Akwai darasi a cikin waɗannan jeri. A Yambawa, kusa da Dambatta, an dasa itacen turare layi layi. Ya tare iska, gaskiya ne, amma masu bincike da su ka auna gonakin da ke gefensa sun tarar saiwoyinsa na shiga ƙarƙashin gero suna shanye masa ruwa, inuwarsa kuma na danne shi, har manoma su ka ƙi jinin abin da aka ce don su aka yi. Da aka haƙa rami a gefen layin aka datse saiwoyin, sai geron ya farfaɗo. Da an zauna da manoman tun farko, da wani tsoho ya gaya musu cewa ba kowane itace ke zama lafiya da hatsi ba.

Wanda ke zama lafiya da hatsi shi ne gawo, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Yawancin itatuwa suna tofo da damina su kaɗe da rani, shi kuwa gawo ya saɓa musu. Da ruwa ya sauka sai ya zubar da ganyensa a gindinsa ya tsaya tsirara, rana ta sami shuka, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da kaka ta wuce sai ya yi kore shar, ya ba dabbobi inuwa a lokacin da ba wata inuwa, ya zubo musu 'ya'yansa su ci, su kuma su bar kashinsu a wurin. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa ƙwarai, ba ta tsere da gero wajen ruwan sama-sama, kuma tana ƙara wa ƙasa irin sinadarin da a ke saye a buhun takin zamani. Shi ya sa geron gindin gawo ya kan fi na fili tsawo da kauri. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya kafa hukunci mai tsanani bisa duk wanda ya sare gawo a ƙasarsa. Fatake masu bi ta Babura da Babban Mutum su shiga Magarya sun ga yadda gawo ya rufe gonakin can, gani kuwa ya kori ji.

Mafi yawan itatuwan nan na Nijar ba dasa su aka yi ba. A 1983 wani mutumin Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aikin daji a ƙasar Maraɗi, ya gaji da dashen da ke mutuwa, sai ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne tun da daɗewa, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ita ce manomi ya zaɓi kututture, ya bar masa reshe mafi ƙarfi, ɗaya ko har biyar, ya datse sauran da wuƙa mai kaifi, ya riƙa yi masa aski kowace shekara. Tun da uwar saiwa ta riga ta kai ga laima, ba ya bukatar ban ruwa, kuma cikin 'yan shekaru ya fi mutum tsawo. Mutanen can su ka sa wa abin suna sassabin zamani. Ya bazu bayan yunwar 1984, ya ƙara ƙarfi sa'ad da ma'aikatan daji su ka sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya raya a gonarsa shi zai ci moriyarsa. Masu ƙididdiga sun kimanta fili kamar hekta miliyan 5 da itatuwa kamar miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, mai tsawon kilomita wajen 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Jigawa na cikin jihohi 11 da ya shafa. Masu wannan shiri su ma sun komo suna koyi da manoman Maraɗi.

To, ina makarantu a cikin wannan? A Kazaure akwai babbar kwalejin fasaha mai sunan marigayi Sarki Hussaini Adamu, wadda ta faro bayan kafa Jihar Jigawa, gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 2007. A Babura an kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021. Irin waɗannan wurare suna da abu uku da talaka ba shi da su a haɗe, fili mai faɗi da shinge, ruwan burtsatse da rani, da samari masu ƙarfi da yawa a wuri guda. Wanda aka ba waɗannan, a ganina, an ɗora masa haƙƙi, ko an rubuta a takarda ko ba a rubuta ba.

Sai dai mun san yadda bikin dashe ya kan kasance a makarantu da ma'aikatu na ƙasar nan. A kafa rumfa, babban baƙo ya durƙusa ya dasa ɗaya, a zuba ruwa da buta, a ɗauki hoto, a watse. Sau da yawa a ƙarshen damina a ke yi, alhali dashe na son farkonta, sa'ad da ruwa ya zauna a watan Yuli, don saiwa ta kama kafin iskar hunturu. Daga nan ɗalibai su tafi hutu, akuya ta shigo ta ci kan, gara ta ci gindin, watan Maris ya ƙarasa saura. Baɗi a sake kafa rumfa a rami guda. Ƙidayar da ta dace a yi ita ce ta itatuwan da su ka ga damina ta biyu, kuma ita ce ba a cika yi ba.

Maganin wannan a wurinmu ya ke tun da, ga wanda ya san tsarin tsangaya. Malam ba ya cewa yara su share fili, sai ya ce wane kai ne da nan, wane kai ne da can, kuma ya san wanda zai tambaya. Haka ya kamata kowane itace a kwaleji ya zama da mai shi, ɗalibi guda da sunansa, tun shekararsa ta fari har ya gama, ya yi masa kariya da ƙaya, ya ba shi ruwa a ranin farko da na biyu, in zai fita ya damƙa wa na bayansa a gaban shaida. Lokacin hutu kuwa a yi yarjejeniya da masu gadi da maƙwabta, a biya su, don aikin da ba lada a hannu ba ya daɗewa. Ruwan ma ba sai an nemo sabo ba. Masallacin da ɗaruruwan mutane ke alwala sau biyar a yini, ruwan da ke kwarara daga gare shi ya isa ya rayar da lambu, in an yi masa 'yar magudana maimakon a bar shi ya taru ya haifi sauro. Ledar ruwan sha da ta cika ko'ina, wadda tumaki ke haɗiya ta kashe su, ita ce tukunyar renon iri in an huda gindinta an cika ta da ƙasa da taki.

Kuma kada a cika filin da darbejiya kaɗai. Ba na raina ta, baƙuwa ce daga ƙasar Hindu da ta yi mana rana, ta ba garuruwanmu inuwa. Amma ba a miya da ita, dabba ba ta damu da ita ba. A sa gawo da ɗorawa da tsamiya da kuka da kurna da aduwa da dakwara da zogale. Kafin ma a sayo iri, a zaga filin makarantar da wani tsohon manomi na kusa, ya nuna kututturan da ke da rai, a yi musu sassabin zamani, ɗalibai su auna tsawonsu kowace shekara su rubuta. Manomin Gwiwa ko na Roni da ya shigo ya gani da idonsa zai fi gaskatawa bisa ga jawabin rediyo. A ƙasar duwatsu irin ta Kazaure da Roni akwai ƙarin dalili, domin tudun da aka tsiraita ruwa ba ya tsayawa a kansa, sai ya gangaro da ƙarfi ya yanka kwazazzabo a gonaki, ya kwashi yashi ya zuba a fadama da madatsun ruwa irin dam ɗin Ayuba, ya rage musu ciki.

Saura maganar wuta, wadda ta fi shafarmu. Murhun duwatsu uku yawancin zafinsa iska ke kwashewa, tukunya kaɗan ta ke samu. Murhun da aka kewaye da yumɓu ko ƙarfe yana dafa abinci guda da itace ƙasa da haka nesa. Ɗaliban da ke koyon ƙira da walda da lantarki, wannan aikinsu ne, su ƙera, su gwada a ɗakin girkin makarantarsu, su koya wa maƙeran kasuwar Kazaure da ta Babura, su kuwa 'yan kasuwa in sun ga riba za su kai shi kowane ƙauye ba sai an roƙe su ba. Mu kuma alarammomi, fitilar hasken rana ta isa karatun dare, wasu tsangayu sun riga sun koma gare ta. Na san masu cewa wutar tsangaya gado ce, kuma da sanyin hunturu yaro na bukatar ɗumi. Wannan gaskiya ne, a hura ta a watannin sanyi. Amma tura ƙolawa daji da gatari shekara duka, su faɗa wa ɗanyen itace a gonar mutane, ba ya cikin abin da mu ka gada, don malamanmu busasshe su ke sa a tsinto.

Tsangayar da ke da fili ko na ƙafa ashirin, ta nemi irin aduwa da dakwara wurin ma'aikatan daji na ƙaramar hukumarta tun watan Yuni, a haƙa ramuka kafin ruwa ya zauna, a raba su ga gardawa da sunayensu.