Ciwon zuciya na maza ne kawai?

A Gonin Gora, kamar sauran unguwannin Kaduna, idan magidanci ya yanke jiki ya faɗi, nan take a ce zuciyarsa ce ta buga. Mace kuwa ta yi kukan ƙirji, sai a ce olsa ce ko gajiyar aikin gida. A haka maganar ta zauna cewa ciwon zuciya na maza ne.

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Binciken INTERHEART, wanda ya haɗa ƙasashe 52, ya nuna cewa bugawar zuciya ta farko takan riski mace bayan namiji da kusan shekara 9. Amma jinkiri ne kawai. Da al'ada ta ɗauke, tazarar sai ta fara raguwa, ciwon suga kuma ya fi ƙara wa mace haɗarin.

Ƙidayar gadajen asibiti ba ta raba wannan gardama, domin matar da ta rasu a ɗakinta ba ta shiga lissafi. Sai an bi mutane shekara da shekaru, kamar yadda a 1948 masana suka ɗauki mutum 5,209 a garin Framingham na Amurka, fiye da rabinsu mata, suna auna su duk bayan shekara biyu. Abin da ake ƙirgawa shi ne shekarun da kowa ya yi kafin ciwon ya same shi. Wanda ya ƙaura, ko wata cuta ta ɗauke shi, ba a jefar da shi. Shekarun da aka bi shi suna nan cikin lissafin.

Mu nan Arewa ma har da ciwon da namiji ba ya yi: gazawar zuciya bayan haihuwa. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry sun bi ɗaruruwan masu jego a Zariya, suka zargi kunun kanwa da wankan jego. Har gobe ana maimaita wannan kamar an gama magana. Binciken PEACE, wanda Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta, bai ga wannan alaƙa ba. Rama, rashin aikin yi da hawan jinin masu ciki ne suka fito fili. Kanwa dai gishiri gare ta, mai hawan jini ta yi hattara.

Mai jego da ke haki, ƙafafunta na kumbura, ba ta iya kwanciya sai da tulin filo, a kai ta asibiti a ranar.