Mece ce gurɓatar roba, kuma ina ruwan Maigatari da ita?

Kwanan nan labarai na yawan ambaton “gurɓatar roba”. Abin da ake nufi shi ne taruwar leda da gorunan lemo da ledar fiya wata a ƙasa da ruwa bayan an yar da su. Daga ɗanyen man fetur da iskar gas ake yin roba, kuma ba ta ruɓewa kamar ganye ko takarda. Rana da iska ne ke farfasa ta zuwa ƙananan ɓarɓashi da ke daɗewa shekaru aru-aru.

Ruwan sama kan kwashe ta zuwa kwata, daga nan zuwa koguna, sannan teku. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin tan miliyan 11 na shiga teku duk shekara, inda kifaye da kunkuru ke haɗiye ta.

Maigatari na nesa da teku, amma matsalar na ƙofar gida. Bayan kasuwar Alhamis, iska kan watsa leda zuwa gonaki da makiyaya. Akuya ko saniyar da ta ci leda takan rame, cikinta ya cushe, wani lokaci ta mutu. Leda na toshe magudanai da damina, idan kuma aka ƙone ta, hayaƙinta na cutar da ƙirji.

Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya a 2017. Mu ma za mu iya farawa da kwando da jakar yadi idan za mu kasuwa.