Katin suna wanda ba a rubuta komai a kai ba: amfaninsa a wajen taro

Duk wanda ya taɓa shiga kwamitin shirya taro, ko bita ce ko musabaƙa ko walimar sauka, ya san wahalar da ake sha a bakin ƙofa. An kwana ana buga sunayen mahalarta a kwamfuta, da gari ya waye sai ka ga malamin da aka gayyato daga Maraɗi bai samu zuwa ba, ya aiko ƙanensa. Mutanen Damagaram da aka ce su biyar ne, ga su nan su tara. Katuna na zube kan tebur ba masu su, mutane kuma na tsaye ba kati. Wanda bai samu ba sai ya ji kamar gayyar soɗi ya yi, alhali kuwa kiransa aka yi.

Maganin wannan shi ne a tanadi farin kati, wanda wasu ke ce wa baji, kowa ya rubuta sunansa in ya iso. Wanda ya zo a madadin wani da wanda ya zo ba zato duk sun samu.

Akwai kuma maganar rubutun suna. Wanda ya yi lakwal a Nijar ko Kamaru zai rubuta Ousmane da Aboubacar, ɗan uwansa na Najeriya ya rubuta Usman da Abubakar, almajirin da ya tashi a makarantar allo kuma ya fi sakewa da ajami. In mai buga takarda ne ya zaɓa musu, dole wani ya ga an ɓata masa suna. Bayan haka, ba kowa ake kira da sunan yanka ba. Wata an fi saninta da Maman wane, wani dattijon kuma yara ba su iya kama sunansa sai an sa Malam ko Alhaji a gaba. To, a bar mutum ya rubuta sunan da yake so a kira shi da shi, a ƙasa ya sa garinsu ko makarantarsu, tunda a taro ɗaya ana iya samun Muhammadu goma.

Haɗa shi ba wuya. Takarda mai kauri girman A4, in aka ninka ta sau uku aka yanka, tana ba da kati 8, kowane kusan santimita 10 da rabi a tsawo, 7 da rabi a faɗi. Ke nan takarda 25 ta isa mutum 200. A ƙara wasu a kai saboda masu kuskure da masu yarwa. A sa babban alƙalami mai baƙin tawada wanda ruwa ba ya wankewa, domin za a yi alwala, kuma rubutun bik ba ya karantuwa daga nesa. A rubuta samfuri ɗaya da manyan haruffa a kafa kan tebur, kowa ya kwaikwaya.

Teburin kansa kada a ajiye shi a tsakiyar ƙofa, zai tare hanya. A sa ɗaya ɓangaren maza, ɗaya ɓangaren mata, kowane da mutum biyu masu kyan rubutu, ɗaya ya iya boko ɗaya ya iya ajami. Su riƙa cewa, “Baba, kawo in rubuta maka,” ko “Inna, wane suna za a sa?” Da haka wanda bai iya rubutu ba ba zai ji kunya ba.

Katin mai manne ba ya daɗewa a kan riga mai aiki, balle lokacin zafi da gumi ko ƙurar hunturu. Zare da ake ratayawa a wuya ya fi, musamman ga mata, saboda fil yana huda hijabi. In da fil za a maƙala, a sa shi a ƙirji ta dama, inda idon mai ba ka hannu yake sauka. Ana iya bambanta launi: masu hidima kore, alƙalai da manyan baƙi rawaya, sauran jama'a fari. Ga yara ƙanana, a rubuta lambar wayar uba ko malami a bayan katin, ba a gabansa ba. In yaro ya ɓace cikin cunkoso, ita za a duba.

Abu na ƙarshe, kuma kar a yi wasa da shi. Sunaye irin su Abdullahi da Abdurrahman suna ɗauke da sunan Allah. A tuna wa jama'a su cire katin kafin shiga makewayi, kuma a ajiye kwali a ƙofar fita kowa ya jefa nasa in an tashi, kada a bar su a ƙasa ana takawa. Kwamiti ya tattara, ya cire zare da fil ya adana don taro na gaba, takardun kuma a ƙona su a wuri mai tsabta yadda aka saba yi wa takarda mai ambaton Allah.