Abubuwan da ya kamata ka sani game da tsirowar gashi da zubarsa

Kowane silin gashi yana da ɗan raminsa a cikin fata, kuma ramin ba ya aiki da ka. Ƙwayoyin fata ne ke aika wa juna wasu furotin masu ɗauke da umarni: a fara, a dakata, a huta.

Tun a ciki ake gama rabo

Wajen mako na 9 da shigar ciki ramukan ke fara samuwa. Furotin da ake kira Wnt ne ke nuna gurbin kowane rami, Sonic hedgehog ya nutsa da shi cikin fata, BMP kuma ya hana wani tsirowa dab da shi. Jariri kan zo duniya da ramuka kusan miliyan 5, wajen 100,000 a ka, kuma daga nan ba ƙari. Wanda aka haifa da tawayar furotin EDA, gashinsa tsilli-tsilli ne, haƙoransa kaɗan, gumi ma da ƙyar, abin da ke da haɗari a ƙasa mai zafi irin tamu.

Girma, ƙanƙancewa, hutu

Gashin kai kan yi shekara 2 zuwa 6 yana girma, saiwar ta ƙanƙance cikin mako 2 zuwa 3, ta huta kamar wata 3, sannan silin ya faɗi. BMP ke riƙe ramin cikin hutu, Wnt ke tada shi. Mai tsayar da girma shi ne FGF5. A 1994 aka nuna cewa ɓerayen da suka rasa shi gashinsu kan yi tsawo fiye da kima.

Don haka zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Mai jego da ta ga mataji ya cika da gashi wata 3 bayan haihuwa ta kwantar da hankalinta: ramuka ne da yawa suka tafi hutu lokaci guda, kuma galibi sukan farka. Haka ma bayan zazzaɓi mai tsanani.

Sanƙo fa?

Nan sinadarin maza na DHT ne ke sa saiwar ta fitar da DKK1, mai toshe Wnt. Kowane zagaye sai ramin ya ƙara tsukewa, silin ya sirance. Man shafawa na sa gashi laushi, amma ba ya kaiwa ga wannan saƙon.

Ban da sanƙon DHT, abin da ya fi damuna shi ne kitso mai ɗaure fatar goshi tamau, musamman a kan yara. Ramin da aka yi ta ja har ya zama tabo ya mutu ke nan. Uwa, in yarinya ta ce kitson na mata zafi, a sassauta.