Raddi Ga Masu Cewa Bature Ya Daina Ƙera Mota

Akwai wata magana da ba a rasa jinta a tashar mota, ko a gareji, ko a teburin mai shayi: "Mota ai ta da. Bature ya daina yin ƙarfe, na yanzu duk gwangwani ne." Masu faɗinta ba yara ba ne. Galibinsu iyayenmu ne direbobi da suka tsufa a kan sitiyari, kuma hujjarsu a fili take. Duk wanda ya san ƙasar Azagor, can arewa da Dakoro a jihar Maraɗi, wajen kwarin Tarka inda gonaki ke ƙarewa makiyaya ta fara, ya san irin motocin da ke cin kasuwannin wannan yanki. Tsofaffin Land Rover ne da Land Cruiser da Hilux, wasu sun girmi direbobinsu. Su ke ɗauko buhunan hatsi daga kudu, su kwashi tumaki da awaki zuwa kasuwanni irin su Sakabal, su kai mai naƙuda asibitin Dakoro cikin dare. In ka nuna wa dattijo sabuwar mota mai sheƙi, sai ya yi murmushi ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Ina girmama masu wannan ra'ayi, domin sun ci ƙurar hanyar da ban ci ba. Amma ina neman izininsu in saɓa musu. A ganina sun ga abu na gaskiya, sai dai sun ba shi dalilin da ba nasa ba, kuma wannan kuskuren dalili yana da illa ga aljihu da rayuka.

Bari in fara da inda suke da gaskiya. Motocin nan an zana su ne da mugunyar hanya a zuci. Land Rover ta fito a Ingila a 1948 a matsayin motar gona. Peugeot 504, wadda Faransa ta fitar a 1968, tana da doguwar ƙafa da taushin sifirin da ke shanye gargada, har ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975. Injinansu ba su da ruɗani. Kafireta ce da fulogi da 'yan wayoyi da mutum zai iya bi da ido, ko kuma injin gas da ba ya neman komai sai mai da iska. Suna haƙuri da man 'yan ruwa-ruwa da ake sayarwa a kwalba, ko da ya ɗan sha ƙura. In batir ya mutu, fasinjoji su sauka su tura, ta tashi. Duk wannan ba wanda zai musa. Sai dai a lura, abin da aka lissafa nan sauƙin tsari ne da dacewa da hanya. Babu ɗaya daga ciki da ke nuna cewa ƙarfen 1975 ya fi na yau.

Hujja ta farko da nake so iyayenmu su duba ita ce ta lissafi. Motocin da muke gani yau su ne 'yan tsirarun da suka tsira. An ƙera 504 fiye da miliyan 3 a duniya, an ƙera Peugeot 404 wajen miliyan 3 ita ma. Ina suke? Mafi yawansu sun riga sun zama kujerun gareji da murhun gawayi da ƙafafun amalanke. Wanda ya ga guda ɗaya tana tafiya ya ce duk motocin da haka suke, daidai yake da wanda ya ga tsoho ɗan shekara casa'in a ƙofar masallaci ya ce mutanen da ba sa mutuwa, ya manta da sa'o'insa da ke maƙabarta. Direban da ya yi aiki a shekarun 1980 zai tuna, in ya yi adalci, sau nawa lagireto ya tafasa masa tsakanin Maraɗi da Dakoro, da yadda ba a fita tafiya sai da fanbel na safaya da jarkar ruwa.

Hujja ta biyu tana ƙarƙashin murfin injin. A tsaya kusa da ɗaya daga cikin motocin nan ranar kasuwa, a roƙi direba ya buɗe. Sau da yawa za a tarar injin da ke ciki ba shi ne wanda ta zo da shi ba, wani lokaci ma na wani kamfani ne dabam aka yi wa mazauni. Giyabos an ciro daga wata da ta mutu. Shasi ya sha walda a wuri uku ko huɗu, an ƙara wa sifirin ganye don ya ɗauki lodin da masu ƙera ta ba su taɓa tunani ba. Tankin mai ya tashi daga mazauninsa, jarka ce a ɗaure kusa da direba da siririn tiyo. An naɗe bututun ruwa da robar tsohon tub, ƙofa kuma igiya ke riƙe da ita. To a cikin wannan mota, wane ƙarfe ne na da? Suna da lamba da siffar bodi ne kawai suka rage daga asali. Sauran duk aikin hannun mutanenmu ne: makaniken da ke gane ciwon inji da kunne, mai walda, maƙerin da ke sassaƙo ƙarfen da babu shi a kanti, da karen motar da ke rage wa taya iska in an shiga rairayi, ya haƙa da shebur, ya shimfiɗa fallayen ƙarfe a ƙarƙashin taya har motar ta fita daga inda ta kafe. Yabon da ake kai wa Bature, waɗannan ne suka cancance shi.

Hujja ta uku ita ce kayan gyara. Mota tana rayuwa ne muddin ana samun kayanta da arha a kusa. Abin da ya sa Fijo, wato Peugeot, ta mamaye ƙasar Hausa shi ne kamfanin PAN da ya fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000, alhali Faransa ta daina yin ƙaramarta ta fasinja tun 1983. Ga kuma 'yan yawon Turai da suka riƙa ƙetaro Sahara da tsofaffin Fijo ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit, su sayar a Agadez ko su gangaro kudu. Kaya suka wadata daga Kano da Katsina zuwa Maraɗi, kowane yaron gareji ya haddace injinta. Da wannan rijiya ta fara ƙafewa, sai motar ta fara ɓacewa. A-kori-kurar 404 mai tamfol da ta riƙa jigilar kasuwannin ƙauye yau sai an yi da gaske ake ganinta, 504 ma tana bin sawunta. Ƙarfensu bai canza ba. Kayansu ne suka yi wuya, Toyota ta karɓi fage domin nata kayan ne yanzu suka cika kasuwa.

Akwai kuma taimakon da ƙasar kanta ke yi. Babban abin da ke kashe mota a Turai tsatsa ce, saboda danshi da gishirin da ake zuba wa tituna lokacin ƙanƙara. A Azagor damina 'yan watanni ce, sauran shekara iska busasshiya, don haka bodi kan daɗe bai ruɓe ba. Sa'an nan ba gajiya ce kaɗai ke fitar da mota daga titi a Turai ba, har da doka da tsadar ma'aikaci. Faransa ta wajabta binciken lafiyar mota daga 1992, a 1994 kuma ta riƙa ba mutum faran 5,000 in ya kai motarsa da ta wuce shekara goma a murƙushe ya sayi sabuwa. Jamus ta yi irin haka a 2009 da yuro 2,500. Inda kuɗin awa ɗaya na makanike ya yi tsada, gyaran tsohuwar mota asara ne. A nan kuwa akasin haka ne. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka kuɗi dare ɗaya. Rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya ƙara nisanta tashar jirgin ruwan Kwatano, inda galibin motocin gwanjo ke biyowa. Mai mota a Dakoro yana gyara tasa ne karo na ɗari domin lissafin aljihunsa ya nuna masa haka ya fi, ko da ransa na son wata.

Yanzu ga inda maganar ta fi damuna. Dattawa kan ce motar da in ta yi karo sai dai ta ɗan kwarzane, ta yanzu kuwa sai ta lanƙwashe kamar takarda. Wannan lanƙwashewa da gangan aka yi ta. Wani injiniyan kamfanin Mercedes, Béla Barényi, shi ya fito da dabarar a farkon shekarun 1950: a sa gaban mota da bayanta su murƙushe su shanye ƙarfin karo, ɗakin fasinja kuma ya tsaya da ƙarfinsa. In gaban mota ya ƙi lanƙwasa, ƙarfin bugun ba ya ɓacewa, jikin mutanen da ke ciki yake zarcewa. A 2009 wata cibiyar kamfanonin inshora a Amurka ta haɗa Chevrolet ta 1959 da ta 2009 karo gaba da gaba don gwaji. Tsohuwar mai kaurin bodi ce ɗakinta ya rufta a kan mutum-mutumin da aka zaunar a mazaunin direba, sabuwar kuwa ɗakinta ya tsaya. Ƙara da bel mai ɗaure kafaɗa da ƙugu da Volvo ta fito da shi a 1959, da jakar iska, da birkin da ba ya kulle taya, waɗanda yawancin tsofaffin motocinmu ba su da su ko sun daɗe da lalacewa. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna nahiyar Afirka ce kan gaba a yawan mace-macen hanya in an gwada da yawan jama'a, duk da ita ce ta fi ƙarancin motoci. Dalilan suna da yawa, amma lafiyar mota na cikinsu.

Illar imani da ƙarfen da ita ce yana sa sakaci. Direban da ya yarda motarsa ba ta mutuwa shi ne ke ɗora mata buhu kan buhu, ya ɗaure raguna a sama, ya jera mutane a kan kaya ƙafafu na reto. Shi ne ke tafiya da birkin da sai an taka sau uku yake kamawa, da tayar da zarenta ya fito, da fitila ɗaya cikin dare. Ƙarfe kowane iri yana gajiya in an daɗe ana lanƙwasa shi a kan gargada, kuma wurin da aka yi wa walda sau da yawa ba ya komawa kamar da. Ranar da sandar sitiyari ta karye a gangaren tudu, shekarar da aka ƙera motar ba za ta ceci kowa ba.

Wani zai ce, to me ya sa sabuwar mota ba ta jure hanyar Azagor? Amsa ita ce, wace sabuwar? Ƙaramar motar da aka yi don titunan Tokyo ko Faris ba za ta jure ba, kamar yadda ƙaramar motar birni ta 1970 ma ba ta jure ba. Amma Toyota tana ƙera Land Cruiser samfurin 70 tun 1984 har yau, kuma sababbinta ne ƙungiyoyin agaji da ma'aikatan lafiya ke shiga daji da su. Ke nan Bature da Bajapane ba su manta da yin mota mai ƙarfi ba. Kuɗinta ne ya fi ƙarfinmu. Matsalar gaske da sababbin motoci ke kawo mana ita ce kwamfutar da ke sarrafa injinsu. Tana buƙatar mai tsaftatacce da na'urar gano ciwo, kuma makaniken da ya saba da kunne da sifana kan tsaya cirko-cirko a gabanta. Wannan giɓin ilimi ne da na kayan aiki, kuma ana iya cike shi. Wanda ya iya dasa injin wani kamfani a cikin motar wani ba zai kasa koyon karanta na'ura ba in an koya masa.

Lokaci kuma ba ya jira. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari suka nufo Afirka. Kusan duk masu shigowa yanzu da kwamfuta suke zuwa, domin an daɗe da daina ƙera masu kafireta a waɗancan ƙasashe. Nan da wasu shekaru su ne za su zama tsofaffin motocin kasuwannin Dakoro, ko muna so ko ba ma so.

Ba ina kira a kori tsofaffin motoci daga hanya ba ne. Wanda ya ce a yi haka bai san cewa in suka tsaya, kasuwa ta tsaya kuma mara lafiya sai amalanke ba. Kirana uku ne. Ga iyayenmu direbobi da shugabannin tasha, a riƙa duba birki da taya da sitiyari kafin a yi lodi, kuma a san iyakar abin da tsohuwa za ta ɗauka. Ga hukumomi da cibiyoyin koyar da sana'a na Maraɗi da Dakoro, a koya wa yaran gareji aikin wayoyi da na'urar gwaji tun yanzu, a kuma taimaka musu da kayan aiki. Ga mu fasinjoji, in mun ga lodi ya wuce kima mu yi magana, ko mu jira ta gaba. Motar da ke kai mu Azagor tana tafiya ne da ikon Allah da ƙwazon makanike, don haka a biya shi haƙƙinsa, a kuma saurare shi in ya ce yau kada ta fita. Allah ya kiyaye hanya.